Walƙiyar Lantarki da Amanar Ran Ma'aikaci

Duk matafiyin da ya biyo hanyar Kano zuwa Katsina, in ya kusato Kankiya, zai hangi dogayen turakun ƙarfe sun jeru cikin gonaki, suna ɗauke da wayoyin da ke kawo wuta mai ƙarfin bolt 132,000 daga tashar Kumbotso ta Kano. A Kankiya kuwa akwai tashar kamfanin dakon wuta na ƙasa, watau TCN, inda ake rage ƙarfinta zuwa bolt 33,000, sa'an nan kamfanin KEDCO, wanda aka danƙa wa rabon wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun watan Nuwamba na 2013, ya karɓa ya bi da ita gari gari, har ta isa taransifomar unguwa, wadda ke sauko da ita zuwa bolt 400 tsakanin layi da layi, ko 230 a soket ɗin ɗaki. Tsakanin waccan tasha da ƙwan fitilar da ke zauren mai unguwa, hannaye masu yawa ne ke ma'amala da wannan wuta, mafi yawansu kuwa hannayen talakawa ne masu neman na tuwo, waɗanda suka koyi sana'ar da ido a wurin iyayen gidansu.

A Dudunni, da Yashe, da Mawashi, da Rimaye, da Kafin Soli, da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya, in an ce wurin aiki, ana nufin rumfar mai walda, da ɗakin injin niƙa, da shagon cajin waya, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da gindin turken da ake jingina wa tsani. Ko garin da layin gwamnati bai kai gare shi ba, ko ya kai amma ya daɗe a kwance, janareta da sola da batir sun riga sun shige shi, kowanne da irin haɗarinsa. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki takan fitar da rahoto duk wata uku, rahotanninta kuma sun nuna mutum fiye da 100 suka rasu ta haɗarin lantarki a Nijeriya cikin 2023, haka nan cikin 2024. Wannan fa lissafin abin da kamfanoni suka kai mata ne, yaron mai wayarin da ya ƙone a bayan kasuwar ƙauye ba safai yake shiga ciki ba. Saboda haka ya kamata a bi wannan mas'ala daga tushe, a san haƙiƙanin haɗarin, da sabubbansa a irin wurarenmu, da kariyar da ta tabbata, da wanda alhakin ke wuyansa.

Jan wuta da walƙiya

Haɗari na farko babu wanda bai san shi ba, shi ne wanda muke cewa wuta ta ja mutum, watau ya taɓa waya mai wuta, ta ratsa jikinsa tana neman ƙasa. Masana suna auna yawan wutar da ke gudu da ma'aunin amfiya, sun kuma kasa kowace amfiya kashi 1,000, kowane kashi sunansa miliamfiya. Miliamfiya 1 mutum yakan ji ta kamar tsikari. In ta kai 10 zuwa 16, sai jijiyoyin hannu su ƙanƙame ya kasa sakin abin da ya riƙe, kamar yadda Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ya tabbatar da gwaje-gwajensa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. In kuwa ta kai wajen 50 zuwa 100 ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya, rai ya yi halinsa cikin 'yan mintoci. Mai karatu zai gane ƙanƙantar wannan adadi in ya ji cewa ƙwan fitila irin na da, mai wat 60, yana jan miliamfiya kusan 260.

Haɗari na biyu shi ne wanda aka jahilta, alhali ɓarnarsa ga wanda ke tsaye gaban babban akwatin wuta ba ta gaza ta na farko ba, kuma shi ba ya bukatar mutum ya taɓa kome. Bisa asali iska ba ta ɗaukar wuta, shi ya sa ake barin wayoyi tsirara a sama, tazara kaɗai ta raba su. Amma in wani abu ya haɗa layi biyu, ko layi da ƙasa, kamar sifana da ta suɓuce, ko bakin sukundireba, ko ƙadangare, ko ƙura mai laima, sai wurin ya yi zafin da zai sauya ɗabi'ar iskar da ke tsakani, ta koma hanyar wuta, wutar ta ci gaba da tsallakawa ta cikinta ko bayan abin da ya haɗa su ya ƙone ƙurmus. Wannan ita ce walƙiyar lantarki, ita ce kuma mutane ke nufi in sun ce akwatin ya yi bindiga.

Mai walda ya fi kowa sanin wannan abu, domin da shi yake cin abinci: yakan dangwala sandar waldarsa ga ƙarfe, ya ɗan janye ta, sai wuta ta tsaya tsakani tana narkar da ƙarfen, kuma yaron da ya zuba mata ido ba gilashi ya san yadda ake kwana ana hawaye. To, wannan walƙiya da aka hore, wadda ba ta fi tsawon ƙwayar gero biyu ko uku ba, amfiya 100 da 'yan kai ke ciyar da ita. Taransifomar unguwa mai ƙarfin kVA 500 kuwa, wadda a aikinta na kullum take ba da amfiya wajen 700, in aka haɗa layukanta a bakin akwati tana iya kwararo ninkin wannan har sau 20. Zafin tsakiyar irin wannan walƙiya yakan kai digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali fuskar rana kanta digiri 5,500 ne. Jan ƙarfen waya, wanda ke narkewa a digiri 1,085, nan take yakan zama tururi, ya kumbura kamar ninki 67,000, ya fashe da ƙarar da ke huda dodon kunne, ya tunkuɗo mutum daga kan tsani, ya watsa masa narkakken ƙarfe a fuska, haskensa ya ƙona ido, hayaƙinsa ya illata huhu. Mafi munin ƙunar kuwa sau da yawa daga tufafin mutum take zuwa, domin in sun kama, suna ci gaba da ci bayan walƙiyar ta mutu. Rigar ƙwallo ta roba da samarinmu suka fi sawa wajen aiki takan narke tun daga digiri 250 ko kusa da haka, ta manne wa fata.

Abin da bincike ya tabbatar

Turawa ma sun daɗe suna lissafa wannan ƙuna cikin jan wuta, har zuwa 1982, sa'ad da wani injiniyan Amurka mai suna Ralph Lee, wanda ya yi aiki a kamfanin DuPont, ya wallafa maƙalar da ta ware walƙiya a matsayin haɗari mai zaman kansa, ya kuma nuna yadda za a ƙiyasta zafin da ke isa jikin ma'aikaci. Ƙa'idar NFPA 70E, wadda aka fara fitarwa a 1979 domin kiyaye ma'aikatan lantarki, ta shigar da zancen walƙiya a bugunta na 1995, sa'an nan aka fitar da ƙa'idar lissafi ta IEEE 1584 a 2002, aka sabunta ta a 2018. Bisa waɗannan ƙa'idodi, zafin kalori 1.2 a kan kowane murabba'in santimita na fata ya isa ya sa ta yi bororo, daga wannan adadi ake auna iyakar da ba a yarda kowa ya ƙetare ba sai da kayan kariya.

Fa'idar da ke cikin wannan bincike duka, in an taƙaita ta, ita ce abu uku ke hukunta girman ƙuna: yawan wutar da ke bayan akwatin, da daɗewar walƙiyar kafin a yanke ta, da nisan mutum daga gare ta. Yawan wuta ba a hannun ma'aikaci yake ba. Nisa kuwa yana hannunsa, kuma zafin yana raguwa ƙwarai da kowane taku, ta yadda wanda ya ninka tazararsa zai sami kusan rubu'in zafin ne kawai. Daɗewa ita ce ta fi bukatar tsokaci: yaro yakan wuce da yatsansa ta cikin harshen fitilar aci-balbal da sauri bai ji kome ba, amma in ya tsayar da shi daƙiƙa guda ya ƙone, alhali wutar ɗaya ce. Fis na ainihi, wanda aka ƙera daidai da layinsa, yana iya yanke babbar wuta cikin kashi 1 bisa 100 na daƙiƙa. In aka maye gurbinsa da abin da ba zai tsinke ba sai bayan daƙiƙa guda cur, an ninka zafin da zai sauka a jikin ma'aikaci sau 100 ke nan.

Sabubban da ke tare da mu

Wanda ke son ganin inda haɗarin ke kwana, ya tsaya gaban akwatin fis na taransifoma a yawancin garuruwanmu, daga nesa, ya duba. Sau da yawa zai tarar ƙofar ta ɓalle, ko ɓarayi sun cire ta, ko an ɗaure ta da tsumma. A ciki ga faffaɗan sandunan ƙarfe tsirara, sun yi baƙi da tsohuwar ƙuna. Inda fis ya kamata ya zauna, an murɗa silin jan ƙarfe biyar ko shida an naɗa. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan kome, tana jiran raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta ta zama hanyar wuta. A ƙasa ga ciyawa da kashin ɓera. Gaban wannan akwati ne saurayi zai durƙusa da magariba, da silifas a ƙafa, da filaya wadda aka naɗe hannunta da leda, fuskarsa ba ta fi kamu ɗaya daga sandunan ba, wani yana haska masa da fitilar waya, jama'a kuwa sun kewaye su suna jiran a kawo wuta. In yaronsa ya ce, “Maigida, ba a kashe ba fa,” amsar da aka saba ji ita ce, “Kai dai haska mini, shekara nawa ina wannan aiki.”

Wannan magana ta maigida ita ce tushen musiba, domin sabo da haɗari ba ya rage haɗarin, tsoronsa kawai yake ragewa. Murɗa waya a gurbin fis, da zare fis ko mayar da shi alhali injuna suna jan wuta, da canza layi da hannu in ɗaya ya ɗauke, da ɗaga fis ɗin sama da gora maimakon sandar da aka ƙera don haka, duk ayyuka ne da akan yi sau ɗari a tsira, a na ɗari da ɗaya a kwashi mutum. Haka kuma dogara ga 'yar tasta mai ƙyalli, wadda haskenta ba ya ganuwa sosai a rana, kuma tana iya mutuwa mai ita bai sani ba. Da sa ƙaramar mita mai araha, wadda aka yi don gyaran rediyo, a bakin taransifoma, inda ita kanta takan zama sanadin walƙiyar.

Akwai kuma sababi biyu da zamani ya kawo. Na farko janareta: wanda ya jona injinsa ga wayoyin gida ba tare da makunnin canja layi ba, wutarsa takan fita ta mita ta koma kan layi, ta shiga taransifoma ta baya, taransifomar kuwa ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta aika wa ma'aikacin da ke kan turke can nesa, wanda ya tabbata an kashe layin daga tasha. Na biyu sola: faifan sola ba shi da makashi muddin rana na sama, kuma in an jera faifai da yawa don famfon burtsatse, ƙarfinsu yakan kai ɗaruruwan bolt. Wutar layi tana kai da komowa, tana ratsa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, wannan kuwa yana taimakon walƙiya ta mutu. Wutar sola da ta batir miƙaƙƙiya ce, in ta kama walƙiya ba ta saki da sauƙi, don haka ba a zare mahaɗin faifai famfo na aiki. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum, amma sifana ko zoben azurfa da ya haɗa kawunansa biyu yakan yi ja jawur nan take, tartsatsin kuma yana iya kunna iskar haidirojin da batir mai ruwa ke fitarwa lokacin caji, ya fashe ya watsa ruwansa a ido.

Sharuɗɗa biyar

Malaman usulu sun ce sharaɗi shi ne abin da in babu shi aiki bai inganta ba, ko da an cika sauran. Aikin lantarki yana da sharuɗɗa biyar, waɗanda Jamusawa suka daɗe suna koya wa almajiran sana'a, aka kuma shigar da su cikin ƙa'idar Turai ta EN 50110, kuma jerinsu wajibi ne, ba a gabatar da na baya. Na ɗaya, a yanke wuta daga kowace kafa da take iya shigowa, layi da janareta da inbata duka. Na biyu, a hana mayar da ita: a sa kwaɗo a makunni, mai aikin ya jefa mabuɗin cikin aljihunsa, ya rataya alama, in fis ne ya zare ya tafi da shi, domin mutane da yawa sun halaka ne ta hannun wani mai kyakkyawar niyya da ya zo ya ga makunni a kashe ya kunna, a Amurka ma an mayar da wannan sharaɗi doka tun 1989. Na uku, a gwada a tabbatar babu wuta, da na'urar da ta dace da ƙarfin layin, a fara gwada na'urar a inda aka san akwai wuta, a gwada wurin aiki layi layi, a sake komawa a gwada na'urar. Na huɗu, a haɗe layukan a ɗaure su da ƙasa da kebul mai kauri, a ɓangarori biyu na wurin aiki, ta yadda ko wani ya tayar da janareta, wutar ƙasa za ta bi. Na biyar, a rufe ko a killace duk abin da ke kusa wanda ba a kashe ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin talaka, ban da na huɗu a kan manyan layuka, shi kuwa dama manyan layuka ba hurumin mai wayarin gida ba ne. Layin bolt 11,000 da na 33,000, da taransifoma da akwatinta, na kamfani ne, ma'aikatansa ke da ikon sa a kashe daga tasha, su ke karɓar takardar izinin aiki, ba kuma a mayar da wuta sai wanda ya karɓi takardar ya mayar da ita da kansa.

Tufafin kariya suna zuwa ne a ƙarshen jeri, domin aikinsu rage ɓarna bayan abu ya riga ya auku, kuma an tanade su ne don abin da ba makawa sai an yi shi da wuta, kamar gwajin nan na sharaɗi na uku. Ƙa'idar NFPA 70E ta Amurka ta kasa su daraja huɗu, masu jure kalori 4, da 8, da 25, da 40, tare da garkuwar fuska da hular kwano da toshin kunne. Safar hannu ta roba ita ma daraja daraja ce, daga mai jure bolt 500 har mai jure 36,000, ana hura mata iska kafin kowane aiki don a ga ko ta huje, ana kai ta gwaji duk wata 6. Safar wanke-wanke ko ta masu gini ba ta cikin wannan lissafi. Wanda bai sami waɗannan ba, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya sa tufafin auduga zalla mai dogon hannu, ciki da waje, da takalmi rufaffe busasshe, ya cire zobe da agogo, kada ya yi aiki shi kaɗai, in zai ɗaga babban makunni kuma ya rufe murfin, ya tsaya a gefe, ya kau da fuska. Auduga tana ci da wuta, ba ta zama madadin rigar kariya ba, fifikonta kawai shi ne ba ta narkewa a jiki.

Uzurorin da ake kawowa

Adalci ne a saurari masu uzuri, domin maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Na farko sukan ce kayan kariya tsada gare su, mai wayarin da ke samun abin cefane da ƙyar ina shi ina rigar da ake sayowa daga ƙetare. Haka ne; amma an riga an ga cewa asalin kariya kashe wuta ne, da kwaɗo, da gwaji, kuɗin kwaɗo kuwa bai kai na kwana guda a gadon asibiti ba, balle jinyar ƙuna mai cin watanni da dashen fata a Katsina ko Kano.

Na biyu sukan ce in fis ya tsinke aka kai ƙara, akan daɗe ba a zo ba, ga masu niƙa da masu ƙanƙara da masu walda sana'arsu ta tsaya, dole jama'a su yi karo-karo su nemi mai gyara. Wannan kuka ne da ake ji a sassa da yawa na ƙasar nan, kuma hukumar NERC ta sha nanata cewa gyara da sauya taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rabon wuta ne, ta kuma buɗe ofisoshin sauraron ƙorafi a jihohi. Hanyar da ta dace ita ce kwamitin unguwa ya rubuta ƙara, ya riƙe kwafi, ya bi sawu, ya nemi bakin magaji da hakimi da kansila. Amma a tara kuɗi a miƙa wa ɗan wani ya shiga akwatin da ba a kashe ba, don kada ƙanƙara ta narke, wannan ciniki ne da babu mai hankalin da zai yarda da shi in ɗansa ne za a tura. Ƙa'idar malamai kuwa sananniya ce, cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani.

Na uku shi ne mafi nauyi, shi ne faɗin cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara, kuma ita ce sanyin zuciyar wanda aka yi wa rasuwa. Sai dai malamai sun bambanta tawakkali da sakaci, suka karantar da cewa dogara ga Allah ba ya kore riƙo da sababi, suna kafa hujja da ƙissar mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara. Ƙaddara abin ambato ce bayan an yi iyakar ƙoƙari. Wanda ya ambace ta tun kafin ya taɓa makunni, ya mai da ita mafakar ganganci.

Hukuncin doka da na shari'a

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai wurin aiki nauyin kiyaye lafiyar ma'aikatansa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko magadan wanda ya rasu, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da ɗan koyo, da na wucin gadi, da wanda aka ɗauka da baki ba takarda. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin kayan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Ƙa'idodin da NERC ta fitar a 2015 kuma sun keɓe filin da ba a gini ko kasuwanci a ƙarƙashin layi: faɗin mita 11 ga layin bolt 11,000 da na 33,000, mita 30 ga na 132,000, mita 50 ga na 330,000, birkila da mai rufin kwano da mai ɗaga rodi su ne suka fi bukatar sanin wannan, domin babban layi yana tsallako wa ƙarfe tun bai taɓa shi ba.

Shari'a kuwa ta riga doka. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Imam Gazali da Imam Shaɗibi suka bayyana cewa shari'a ta zo don tsare su. Malaman fiƙihu sun raba halakarwa gida biyu, ta kai tsaye da ta hanyar sababi, suka buga misali da wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, wani ya faɗa, suka ce lamuni yana kansa ko da yana barci a gidansa sa'ad da abin ya faru. Mai hankali ya yi ƙiyasi da kansa game da wanda ya jona janareta ba makunnin canji, da wanda ya sace wayar ƙasa ta taransifoma, da maigidan da ya tura yaro kan turke bai gwada ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, masu sana'a suna lamunce kayan mutane da aka ba su, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani. In an ɗora wa mai sana'a lamunin ƙyallen da aka kai masa, ran yaron da iyayensa suka danƙa masa ya fi cancantar a tambaye shi a kansa.

In abin ya auku

Wanda ya ga wuta ta kama ɗan'uwansa, kada ya cafke shi, ya kashe wutar tukuna. In ƙaramar wuta ce kuma makunni ya yi nisa, ya ture shi da busasshen itace yana tsaye a busasshen wuri. In babban layi ne ya faɗi, kada kowa ya matso, domin ƙasar kewayen kanta tana ɗauke da wuta, sai a sanar da kamfani. In tufafi sun kama, a kwantar da shi a mirgina, a kashe. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba fasawa, har a isa ga ma'aikatan lafiya. Ɗura masa madara ba ya amfana kome, yana ma iya shaƙe shi. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi minti 20, a cire zobe kafin yatsa ya kumbura, kada a fizge rigar da ta manne, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko toka ko baƙin mai, a lulluɓe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Ko wanda ya miƙe ya ce lafiyarsa lau bayan babbar wuta ta ja shi, a kai shi, domin ƙunar lantarki takan yi ɓarna a ciki fiye da abin da ido ke gani, zuciya da ƙoda kuma sukan nuna illa daga baya.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki rabonsa. Kamfani ya rufe akwatunansa, ya sa fis na ainihi, ya ba ma'aikatansa, har da na kwangila, kayan aiki da horo, ga cibiyar NAPTIN da aka kafa a 2009 tana da reshe a Kano. Ƙananan hukumomin Kusada da Kankiya su tara masu wayarin da masu haɗa sola da masu walda, ko sau ɗaya a shekara, a kawo musu malamai daga Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina su koya musu sharuɗɗan nan biyar da Hausa, a taimaka musu su sami shaidar NEMSA. Hakimai da magadai su hana a tura kowa cikin akwatin taransifoma da sunan gayya, limamai su ware wa mas'alar huɗuba guda kafin faɗuwar damina. Mai janareta ya sa makunnin canji a wannan mako. Iyayen gida kuma su ba yaransu izini bayyananne, a gaban shaidu, cewa duk ran da suka ce “Maigida, ba a gwada ba,” aiki ya tsaya har a gwada, kuma ba za a kira wannan rashin kunya ko tsoro ba. Allah Ya tsare masu neman halaliyarsu, Ya ba shugabanninsu ikon sauke amanar da ke wuyansu, amin.